Zuwa ga ɗiyata a Jega: abin da ke cikin tukunyarmu a Zangon Kumasi

Assalamu alaikum ɗiyata. Ina gajiya, ya amarci, ya baƙunta a gidan miji? Ki gaishe mini da babanki da innarki da kyau, ki ce wa angon naki Gwaggo ta Kumasi tana sa masa albarka.

Saƙonki na murya ya iso, sau uku ina saurarensa. Kin ce kwalbar da na aiko miki ta hannun direban motar albasa ta zo lafiya, amma da kika buɗe sai kika ga wani abu baƙi ƙirin kwance cikin mai, kika rasa ko ci ake yi ko shafawa. Sannan kika yi tambayar da na san ta daɗe tana cin ki: wai mu nan muna tuƙa tuwo kuwa? Don kin ji ana cewa Hausawan Gana sun bar cimar gida, daga dokunu, dafaffen ƙullun masarar nan mai tsami, sai kaguwa. Ban ji haushi ba ko kaɗan, wanda bai zo ba dole ya tambaya. Na zaɓi in rubuta maimakon in yi magana saboda zancen yana da tsawo, kuma ba ke kaɗai ke yi mini wannan tambaya ba.

Ki fara sanin yadda aka yi muka kwana a nan. Kakana, wanda shi ne kakan babanki, ɗan fatake ne. Ubansa yana cikin masu bin ayarin Gwanja: su ɗora wa jakuna kanwa da jar fata da saƙi a kasuwar Jega, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga, su komo da goro. Watanni ake yi a hanya. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 sai fatake suka bazu, wasu Kete Karaci, wasu Akra wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, wasu kuma suka gangaro nan Kumasi, ƙasar Tonawa, wato Asante, inda goron yake a gindinsa. Inda ayari ya sauke kaya shi ne zango, sunan kuwa ya bi unguwanninmu har yau, sai dai bakin mutanen nan ya maida shi zongo. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Ministan Gana Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Nan gidanmu ya rabu biyu. Kakanki ya kwashi iyalinsa ya koma Jega, babana ya zauna. Shi ya sa ke kika tashi a can, ni a nan, alhali tukunya ɗaya ta ciyar da iyayenmu.

To, ga amsarki a taƙaice kafin in faɗaɗa: ba mu ne muka bar abincin gida ba, rana ce ta bar mu.

Ku a Jega, daga ɗaukewar ruwa har bazara, duk abin da mace ta yanka ta baza a tabarma, kwana biyu ko uku ya bushe ƙayau. Kuɓewa, tumatir, tattasai, zogale, yakuwa, lawashi, nama, rana ce ke yi muku aikin kyauta, har ba ku ɗauke ta a bakin komai ba. Kumasi kurmi ce. Damina biyu muke yi, ta farko daga Maris zuwa Yuli, a ɗan sarara cikin Agusta, a sake komawa daga Satumba zuwa Nuwamba. Ko ranar da ba a yi ruwa ba iskar a jiƙe take. In kika yanka kuɓewa cikin Yuni kika shanya, kafin kwana biyu ta yi yauƙi ta yi hunhuna, sai zubarwa. Garin kuka in kika bar shi a buɗe sai ya dunƙule. Itacen ɗorawa da kuka da kaɗanya ba na wannan ƙasa ba ne, sai an nausa arewa ake fara ganinsu, gero da dawa ma ba a nan ake noma su ba. Saboda haka kakanninmu mata da suka sauka a nan, abu biyu ya rage musu: abin da ba ya samuwa su sayo shi daga arewa su san yadda za su tsare shi, abin da ake samu kuma su koyi adana shi yadda masu ƙasa ke yi, wato da hayaƙi da gishiri da mai da tsami.

Muna da namu hunturun, amma gajere ne, daga Disamba zuwa wajen ƙarshen Janairu. Kaka takan ce hunturun Kumasi baƙo ne mai saurin sallama, in ba ki tare shi a bakin ƙofa ba ya wuce. Ranar da aka wayi gari leɓe ya fara tsagewa, za ki ga matan Aboabo da Asawase da Sabon Zongo duk sun fito da faifai da buhu, an baza kuɓewa da barkono a kan rufin kwano, an fito da tsohuwar kuka da daddawa su sha rana. Busasshiyar kuɓewar da zan kaɗa har shekara ta zagayo, cikin waɗannan makonni nake yin ta.

Daddawa kuwa, a gidanmu Kaka da hannunta take yi. Takan sayi kalwa wurin matan arewa a kasuwa, ta ɗora tun bayan la'asar, wuta ba ta mutuwa har gari ya waye. Da safe a surfa a turmi a fitar da ɓawon, a wanke a rege, a sake dafawa har ta yi laushin da za ki murje ta da yatsa biyu. Sai a juye cikin kwando tun da zafinta, a rufe da ganye, a lulluɓe da tsofaffin buhuna, kwana uku ba mai taɓawa. Duk wannan kin san shi, daidai yake da naku. Inda muka rabu shi ne shanya. Ku rana za ku ba ta, mu kuwa in ba hunturu ba ne sai a jera ta a ragaya saman murhu, hayaƙi da ɗumin wuta su busar da ita a hankali. Shi ya sa daddawar Kaka take da wani ƙamshin hayaƙi da har yau ban same shi a ta kasuwa ba. Yanzu yawancinmu saye muke yi daga matan garuruwan arewacin Gana, Wa da Tamale da Bolga, kuma duk ƙasar nan, Batone da Bafante da kowa, da sunanta na Hausa suka san ta, dawadawa. Ni dai ba na saye sai na ɓare na duba cikin, don akwai mai gauraye da waken suya, ba ta da laifi amma ba ta kai ta kalwa ƙarfi ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne 'yan matanmu na yanzu da ke cewa tana wari, su watsa sinadarin ɗanɗano huɗu biyar a tukunya ɗaya, duk miya ta koma ɗanɗano guda. Ina fata ke ba haka kike ba.

Mu zo kan tuwo, tunda shi kika tambaya. Muna tuƙawa, kusan kullum da dare a gidana. Namu sunansa tuwon zafi, kuma da wannan suna ya shiga kowace kasuwa da kowane gidan abinci a ƙasar nan. Da garin masara ake yi. In ruwa ya tafasa sai a yi talge, a bar shi ya dahu sosai, a ɗebi wani a ajiye gefe. Sai a zuba gari ana tuƙawa, amma garin masara ne da aka haɗa da na busasshen rogo, kamar kashi uku da ɗaya, ana yi ana sassauta shi da talgen da aka ɗebe. Rogon shi ke ba shi danƙo da santsi. Yana fitowa da laushi ƙwarai, bai kai tuwon dawarku tauri ba, in kika yanko loma sai ta zame da kanta. Da zafinsa ake ci, don in ya kwana a wannan iska tamu ba ya yin ɗumame mai kyau irin naku. Ɗumamen safe da man shanu yana cikin abubuwan da babana ya rasu yana marmari.

Miyar da ta fi tafiya da shi ita ce ayoyo, wato lalo ɗanye. A yanka shi ƙanana, a zuba cikin ruwa kaɗan mai tafasa da ɗan ƙwayar kanwa da daddawa da garin kifi, a burge da maburgi, kada a rufe tukunya, kada kuma a bar shi ya daɗe, in ba haka ba korensa ya mutu. Sai a yi jar miya daban da nama, a zuba su biyun a kwano ɗaya, kore a gefe ja a gefe. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa suna nan daram, da su na yaye 'ya'yana duka. Tuwon shinkafa ma, wanda ku Kabawa kuke taƙama da shi, yana nan. Tonawa sun karɓe shi har sun raɗa masa suna rabi nasu rabi namu, omo tuo, don shinkafa ce omo a bakinsu. Ranar Lahadi suka fi cinsa, da miyar gyaɗa, in sun taso daga coci.

Yanzu ga zancen kwalbarki. Sunansa shito. Ba namu ba ne tun asali, na mutanen Ga ne na bakin teku, kuma kalmar a harshensu barkono take nufi. Amma matan zango sun karɓe shi sun gwanance, har ya zama in ana neman mai kyau wurinmu ake zuwa. In kina so ki gane shi, ki ɗauke shi a matsayin yajinmu. Ku kuna daka barkono da citta da ƙuli-ƙuli ku zuba a gwangwani ya shekara lafiya. Mu ma muna daka yaji, da shi masu tsire ke aiki, amma a damina ba ya jimawa yake yin sanyi ya dunƙule. Shito yaji ne da aka soya cikin mai har ruwan jikinsa ya ƙone ƙurmus, man ya rufe shi ya hana iska shiga. Abin da rana ke yi muku, wuta da mai ke yi mana.

Ga yadda nake yi, kuma na auna miki da abin da ke kusa da ke. Man gyaɗa lita ɗaya. Manyan albasa kamar takwas, ke da Aliero garin albasa ke bayan ɗakinki ba ki da matsala a nan. Citta ɗanya cike da tafin hannu, tafarnuwa dunƙule biyu, tumatirin gwangwani madaidaici guda, garin busasshen barkono gwangwanin madara ɗaya in gidanku na son zafi, in ba haka ba ki rage ki cike da garin tattasai. Sai uwa uba, garin kifi. Mu muna amfani da wani ƙaramin kifin teku mai banda da ake kira amane, da busasshen jatan lande. Ke ki nemi bandar kifi ta Yawuri ko ta Argungu wadda ta bushe ƙwarai, irin wadda in kika karya za ta ce ƙaras. Ki cire kai da ƙaya da kayan ciki, ki ɗan gasa tsokar a kasko ba mai don sauran danshi ya fita, ki daka ki tankaɗe. Ki samu gwangwanin madara uku na garin. In kin samu jatan lande a kasuwa ki ƙara gwangwani ɗaya, in babu ba laifi, zai yi daɗi a haka.

Ki ɗora mai a tukunya mai kaurin gindi. Ki yanka rabin albasar siri-siri ki soya har ta yi ja, ba baƙi ba. Sauran albasar ki markaɗa ta da citta da tafarnuwa, kada ki sa ruwa wajen markaɗen, in ya ƙi tafiya ki zuba ɗan mai. Ki juye a tukunya, ki rage wuta, ki yi ta juyawa. Nan ne aikin yake, ɗiyata, kuma nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Za ki ga yana tafasa da manyan kumfa yana tartsatsi, ruwan albasa ne ke fita. Kada ki ƙara komai sai kumfan ya koma ƙanana. Sannan tumatir, ki soya shi har tsaminsa ya mutu. Sannan garin kifi da jatan lande. Barkono shi ne na ƙarshe, saboda shi ya fi saurin ƙonewa, in kuwa ya ƙone duk tukunyar ta yi ɗaci, ba abin da zai gyara ta. Gishiri, da ɗan kanumfari da masoro in kina so. Ni nakan jefa daddawa ƙwaya biyu da na daka, wannan ƙarin Kaka ne, mutanen Ga ba su sa ta.

Daga nan sai haƙuri. Wuta ƙasa-ƙasa, gawayi ya fi, muciya ba ta barin hannunki, kina kankaro gindin tukunya kada ya kama. Awa biyu zuwa uku nake yi. Ki samu kujera ki zauna, ki sallami duk wani aiki. Launinsa zai tashi daga ja ya koma kamar ƙasa, daga nan ya koma kalar daddawa. Alamar ya yi ita ce ƙarar tafasar ta kwanta, mai ya taso sama garau, in kika ɗebo a cokali kika murza za ki ji shi tsaki-tsaki, ba ya kama hannu kamar kunu. Ki sauke tun bai kai baƙin da kike so ba, don zafin man zai ci gaba da dafa shi, yana hucewa yana ƙara duhu. Baƙin shito na dahuwa ne, ba na ƙuna ba.

Sai ya huce sarai ki zuba a kwalba wadda kika wanke ta bushe, ko ɗigon ruwa babu. Ki tabbata mai ya hau kansa kamar kaurin yatsa. Duk ranar da za a ɗiba, da busasshen cokali, kuma kada yaro ya sa wanda ya lasa. In kin kiyaye wannan zai yi watanni ba tare da firji ba. Sau ɗaya na taɓa asarar tukunya guda, ina sabuwar amarya kamarki, na yi sauri na sauke don baƙi sun zo, kafin mako biyu farin hunhuna ya rufe saman kwalaben duka. Uwar mijina ba ta yi mini faɗa ba, ta dai zaunar da ni a gabanta muka sake wani tun daga farko, ta hana ni tashi har sai da na ji da kunnena yadda ƙarar tukunya ke canzawa.

Da me ake ci? Da kusan komai. Farar shinkafa, dafaffiyar doya, dankali, ƙosai, burodi. Ki gwada shi a kan ɗanwake maimakon mai da yaji, za ki ba ni labari. Ɗalibin da zai tafi makarantar kwana a ƙasar nan, akwatinsa ba ya cika sai da garin rogo da kwalbar shito. Na yi wa 'ya'yana huɗu wannan hidima zango bayan zango, kowane dare kafin komawa gidan nan ƙamshinsa yake kwana.

Amma inda shito ya fi nuna kansa shi ne a kan waakye. Haka suke rubutawa, a baki kuwa waace ake cewa, kuma ba komai ba ne illa kalmarmu ta wake. Shinkafa da wake ce, irin garau-garau ɗinku, sai dai da sirri guda: karan dafi. I, shi dai wanda dukawa ke rina jar fata da shi. Ana jiƙa wake, a ɗora shi da ganyen karan dafi da aka wanke da 'yar kanwa kaɗan. Kanwar ce ke jawo launin, ruwan ya yi ja jawur kamar zoɓo. In wake ya yi rabin dahuwa sai a tsame ganyen, a zuba shinkafa da gishiri, a rage wuta a bar su su turara tare. Shinkafarku ta gumi za ta yi kyau ƙwarai da wannan, don ba ta caɓewa. Ana zuba shi cikin wani faffaɗan ganye kore, a ɗora jar miya da shito, da taliya, da garin rogo da aka ɗan jiƙa da man miya, da dafaffen ƙwai, da ganda ko kifi. Ma'aikacin banki da ɗan dako layi ɗaya suke bi da safe a gaban teburin Hajiya ko Amariya, don haka ake kiran masu sayarwa ko da an manta sunansu na yanka. Haka ma koko: na gero mai citta da kanumfari da kimba da barkono, a nan sunansa Hausa koko, ba a raba shi da ƙosai. Zoɓo ya zama sobolo, funkaso ya zama pinkaso, tsire ya zama cicinga. In kika bi kasuwar Kejetiya kina sauraren sunayen abinci, za ki yi ta tsintar Hausa a bakin mutanen da ba su iya ko sannu ba.

Dokunu kuma, gaskiya ne muna ci, ban ɓoye miki ba. Masara ce da aka jiƙa aka niƙa, aka bar ƙullun ya yi tsami kwana biyu ko uku, a dafa rabi a haɗa da ɗanyen rabin, a ƙunshe a ɓawon masara ko ganyen ayaba, a dafa sa'o'i. Masara da ruwa da gishiri, ba abin ƙyama a ciki. Tsamin nan shi ke sa ya yi kwanaki bai lalace ba, dabarar masu ƙasa ke nan. Haka suke da koobi, karfasa ce da aka cika da gishiri aka busar, da momoni, kifin da aka bari ya ruɓa cikin gishiri, ana sa ɗan ƙanƙane a miya don ƙamshi. Ranar da na fara jin warin momoni na kauda kai, sai maƙwabciyata Bafantiya ta nuna mini ragayar daddawarmu ta ce, ke fa wannan? Tun daga ranar na gane daddawarsu ce, kowa da abin da ƙasarsa ta ba shi.

Na san abin da ke ƙarƙashin tambayarki, ko da ba ki furta ba: halal da haram. Ki kwantar da hankalinki. Fawa a garin nan tun fil azal yawancinta a hannun Musulmi take, wurin mahautanmu muke sayen nama, har waɗanda ba Musulmi ba ma wurinsu suke zuwa. Kaguwa da jatan lande abin ruwa ne, malamanmu na Malikiyya ba su hana ba, wasu gidaje suna ci wasu ba su saba ba. Dodon koɗi da naman dajin da ba mu san wanda ya yanka ba, ba su shiga tukunyar gidanmu. In maƙwabciya ta aiko mana da abinci ranar bikinsu, ta riga ta san abin da za ta aiko, yawanci ma ɗanyen kaya take kawowa, shinkafa da mai da kaza mai rai, mu ma ranar Sallah mu aika mata da nama.

Naman layya ma ya bambanta da naku. Kilishi da shanya nama a igiya ba su yiwuwa a nan sai Sallah ta faɗo cikin hunturu. Soyawa muke yi, a yanka ƙanana, a tafasa da gishiri da citta, a soya cikin kitsensa har ya bushe, a zuba a tukunya man ya rufe shi, bayan 'yan kwanaki a sake ɗumamawa. Da firji ya yawaita mata da yawa suka watsar da wannan. Sai ga matsalar ɗauke wuta da aka yi fama da ita wajen 2015, wadda ake kira dumsor, nama ya yi ta ruɓewa a gidaje. Na ga 'yan mata suna zuwa wurin tsofaffi a koya musu suyar da iyayensu suka raina.

Akwai abu guda da na san zai yi miki baƙo in kin zo. A nan mace tana zama a bakin titi da tukunyarta tana sayar da abinci, da mayafinta da mutuncinta, ba mai ganin aibinta. Ku can yara ke kai talla uwa tana cikin gida, mu nan uwar ce ke fita. Innata shekara fiye da talatin tana tashi ƙarfe uku na dare ta hura wutar waakye, da wannan tukunya ta biya mana kuɗin makaranta, da ita ta zuba adashi har ta sauke farali. Gidajenmu kuma na haya ne, tsakar gida ɗaya ɗakuna goma sha, Bahaushiya da Badagomba da Bazabarma da Bamosa da Bakotokola kowa da kurfotinta a ƙofar ɗaki. Kina ganin abin da kowa ke dafawa, kwano yana shiga yana fita, musamman da azumi. A haka na koyi tubani da wasa-wasa, su kuma suka koyi dambu da miyar taushe a wurinmu. In ana aure ko suna, tun jajibiri mata ke taruwa kowa da wuƙarta da turminta, magajiya tana raba aiki, ba a ɗauko mai dafa abinci daga waje. Hausa ce harshen tsakar gidan duka, ko da yake tamu ta ɗan sha bamban da taku, kin ji ta a bakin ƙannenki.

Shekarar da na san darajar waɗannan kwalabe da ragaya ita ce 1983, ina da shekara 11. Fari ya zo, gobarar daji ta cinye gonaki, ga mutane wajen miliyan guda da aka koro daga Nijeriya sun dawo a lokaci ɗaya. Da idona na ga manya suna layi don su sayi dokunu tun bai dahu ba, su kai gida su ƙarasa. Kuɗi na hannu amma babu abin saye. Abin da ya riƙe gidanmu shi ne tarkacen Kaka da muke ganin ya cika ɗaki: tulun kuka, ƙullin busasshiyar kuɓewa, daddawar da ta yi baƙi da hayaƙi, kanwa, busasshen barkono. In aka samo garin masara ko ɗan yaya ne, ko jar masarar nan ta agaji, sai ta yi tuwo ruwa-ruwa, ta kaɗa kuka da daddawa ba nama ba mai, mu goma sha ɗaya mu kewaye akushi. Yaran maƙwabta ma suna zuwa, ba ta taɓa korar ko ɗaya ba. Har yau in na kaɗa kuka sai na tuna hannunta yana rawa a kan maburgi. Allah Ya jiƙanta, Ya sa aljanna ce makomarta.

Yanzu ga tawa buƙatar. In direban zai juyo, ki haɗo mini da gabu, don a nan albasa muke gani, lawashinta ba ya isowa. Ki sa kauɗar tumatir tiya ɗaya, da daddawar batso ko kaɗan ce, rabona da ita tun zuwan babanki na ƙarshe. Man shanu kuma ki soya shi da albasa tukuna, ki bar shi ya huce, ki zuba a gora mai murfi ki naɗe bakin da leda. Busassun kayan ki ƙulle kowanne a leda biyu, don da motar ta wuce Tamale ta doshi kurmi iska za ta fara canzawa.

Shiton kuwa kada ki fara da lita guda. Ki raba duk abin da na lissafa gida huɗu ki gwada da kashi ɗaya. In kin ga mai ya taso, ki ɗebo a farin faranti ki ɗauki hoto ki turo mini ta WhatsApp kafin ki sauke, wayata tana hannuna, zan gaya miki ko ya yi ko da saura.

Gwaggonki,
daga Aboabo, Kumasi.